Kek Ɗin da Ardis Ba Ta Ci Ba

"A ƙara maka?"

"A'a, ya isa haka."

Ardis ta mayar da butar gahawa kan murhu. Ta naɗe hannun rigarta na hagu, ta kara wayarta a kan ɗan farin abin nan da ke manne a bayan dantsenta, wanda faɗinsa bai wuce na maɓallin kwat ba. Wayar ta yi ɗan ƙara. Ta gyara tabarau ta duba.

"Ɗari da sha takwas. Kaska ta ce yau ni mutuniyar kirki ce." Haka take kiran abin dantsen nata, mai auna mata suga. Ta sake ɗauko butar. "A ƙara maka mana, Leland."

"Kada ki wahalar da kanki, matar Yaya."

"Rabin kofi ne ya rage. Zubarwa zan yi."

"To, tunda zubarwa za ki yi."

Ta cika min kofin har baki, butar kuwa ko rabi ba ta yi ba.

A garinmu Hallstad ba a karɓar abu a tayin farko. Na farko ka ce a'a, na biyu ka ce kada a wahala, sai a na uku ka miƙa kofi kamar wanda aka fi ƙarfinsa. Ko kakanninmu ne suka taho da abinsu daga Norway, ko sanyin Dakota ta Arewa ne ya koya musu, ban sani ba. Na dai san wani da ya ce i tun tayin farko yana yaro, yau ga shi da furfura ana tuna masa.

Ardis Tollefsrud matar yayana ce, marigayi Orvin. Shekara tara ke nan da muka binne shi, kuma tun daga lokacin nake ƙetare titi da ƙarfe bakwai da rabi in zauna a kujerar kusa da taga. Tasa kujerar tana nan, babu mai zama. Ita tana faɗa wa mutane tuzuru take ciyarwa don neman lada. Ni kuma in ce tsohuwa nake dubawa kada ta ƙone gida. Shekarunta saba'in da huɗu, ta ba ni uku.

A gona aka haife ta, mil takwas arewa da gari, inda ƙasa ta shimfiɗe har ido ya gaji bai samu abin da zai jingina da shi ba. Ita ce ta huɗu cikin shida. Tun tana 'yar shekara tara take tatsar shanu kafin ta tafi makaranta. Wata gwaggonta ce ta koya mata piyano a ɗakin da ba a hura wa wuta, da safar hannu da aka yanke wa kan yatsu. Ta auri Orvin tana da ashirin da biyu, lokacin yana awon alkama a rumbun gari. Shekara talatin da ɗaya ta yi a kicin ɗin makaranta, rabin mutanen garin nan da dankalinta suka girma. 'Ya'yanta biyu mata, ɗaya a Fargo, ɗaya can bakin teku, sukan kira ranar Asabar. In sun tambaye ta jiki sai ta ce ba laifi. Ranar da ta faɗi a kan ƙanƙara ta karye a ƙugu, da aka zo ɗaukarta, ba laifi ta ce.

Amma in ka tambayi kowa a garin nan wace ce Ardis, ba kicin zai ambata ba. Cewa zai yi mai kaɗa ogan ɗin coci, babban abin kiɗan nan mai kama da piyano. Shekara arba'in da ɗaya tana hawa 'yar siririyar matakalar nan zuwa bene, ta cire takalmin waje, ta sa wani baƙi mai laushi wanda take taka sandunan ƙasa da shi, ta juya wa jama'a baya. Ɗan madubi ne a saman ogan ɗin, ta cikinsa take hangen fasto. Akwai waɗanda ta kaɗa musu ranar baftisma, ta kaɗa musu ranar aure, ta kuma raka su da kiɗa zuwa makabarta. Lahadi uku kawai ta taɓa fashi, biyu na ƙugu, ɗaya ta Orvin.

Ciwon suga ya same ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ba ta yi gardama da shi ba. Ta daina sa suga a gahawa, ta rage dankali, lefse ma, wainar dankalinmu ta Kirsimeti, sai ta yi wa mutane ta tsaya tana kallo suna ci. Tana shan ƙwayoyinta a kan lokaci. Safe da yamma ta huda yatsa, lamba ta fito da kyau. Sai dai gwajin jini na wata uku-uku ya ƙi yarda da lambobin nan, kullum yana ɗan sama da inda ya kamata. Renae Moen, nas ɗin ƙaramin asibitinmu, ta ce lallai akwai abin da ke faruwa tsakanin huda da huda. 'Yar garin nan ce Renae, Ardis ce ta koya mata waƙa a ajin yara na coci, shi ya sa har yau Malama take ce mata.

Renae ce ta manna mata kaska a ƙarshen watan Agusta. Abin yana da ɗan siririn gashi da ke shiga ƙarƙashin fata, yana ɗanɗana suga dare da rana, bayan mako biyu a cire a manna sabo. Duk abin da ya gani yana fitowa a waya, ga lamba, ga 'yar kibiya mai nuna ko hawa ake ko sauka, ga dogon layi na yini guda. Layin nan kuma yana zuwa wurin Renae. Ta haɗa mata da ɗan littafi, ta ce ta riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakinta da lokacinsa.

Ardis ta ji daɗin kaska, domin yatsunta sun huta. Nakan leƙa wayar in ga layin. Kwana shida a mako kamar ƙasarmu yake, shimfiɗe, sai 'yan tuddai bayan abinci. Ran Lahadi kuwa dutse ne. Daga takwas da rabi zai fara hawa, kafin goma ya wuce ɗari biyu da sittin, ba zai sauko ba sai bayan azahar.

Ina zaune a wurin Renae ta kira, wata safiyar Talata.

"Lahadi?" in ji Ardis. Ta juya ta fuskanci bango. "E to. Kek ne, 'yar nan. Wanda nake kaiwa coci, nakan ɗan ɗanɗana kafin mu fita. Yanka biyu." Ta saurara. "Wani lokacin uku. Na sani. Na sani, kwaɗayin tsufa ne."

Ta ajiye waya, ta buɗe littafin, ta koma baya ta rubuta kek a kowace Lahadi, da kyakkyawan rubutunta na 'yan makarantar da.

Ni kuwa ga abin da na sani. Ardis ba ta cin komai ran Lahadi da safe. Shekara tara ƙwanta da gasasshen burodinta a farantina suke ƙarewa, bayan tayi uku kamar yadda aka saba. Na ɗauka kirki ne, ko wata ibada ce tsakaninta da Ubangijinta. Kek ɗin kuma ni nake ɗaukarsa zuwa mota, a rufe da farin ƙyalle, kuma cikakke yake isa coci, ko kusurwa ba a taɓa ba.

A wurinmu in babba ya yi ƙarya a gabanka, taga za ka duba ka yi zancen gari. Na ce agwagin daji sun fara tafiya kudu da wuri bana. Ta ce ta gani.

Cikin Oktoba Renae ta zo da wani abu kuma. Ta ce an kawo wa asibiti wasu agoguna na masu kaska, ana so a ga yadda damuwa ke motsa suga. Agogon yana ƙirga bugun zuciya, yana kuma jin ɗan gumin da ido ba ya gani. Ardis ta ce a'a. Ta ce a ba wanda ya fi ta bukata. A na uku ta miƙa hannu.

"Ga shi nan," ta ce min da safe, tana juya wuyan hannunta. "Kaska na shan jinina, magulmaci na kai rahoto. Saura a ɗaura min ƙararrawa irin ta saniya."

"Da mun huta da nemanki a kanti."

"Rufe min baki, sarkin ci. Mutumin da ya shekara hamsin yana rubuta wa alkama waƙoƙi, ko mace ɗaya bai iya rubuta wa wasiƙa ba."

Bayan mako huɗu Renae ta ce mu zo tare, tana son wani na gida a wurin. Ranar Alhamis ce, an ɗan yi yayyafin ƙanƙara. Ta zaunar da mu, ta juyo mana da allon kwamfuta. Layi biyu ne yanzu, ja na suga, shuɗi na zuciya, ɗaya a kan ɗaya.

"Malama, dubi nan. Lahadi, takwas da kwata. Zuciyarki ta tashi daga saba'in ta haura ɗari da goma. Suga bai motsa ba tukuna, sai bayan kwata yake bin ta."

"Matakala ce. Kin san ta da tsayi."

"Takwas da kwata kina gida, Malama."

"To gahawa ce."

"Kullum kina shan gahawa." Renae ta yi murmushi, ta sassauta murya. "Jiki in ya tsorata, bai san bambancin kyarkeci da taron mutane ba. Hanta tana da suga a ajiye, sai ta juye shi cikin jini don mutum ya samu ƙarfin gudu. Mai lafiya jikinsa ya kwashe nan da nan. Naki ba ya kwashewa da wuri. Ko loma ɗaya ba a ci ba, suga na iya hawa."

Ardis ta kalli allon kamar hoton wani ne ake nuna mata.

"Ga wani wuri kuma," in ji Renae. "Laraba, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu. Me kike yi?"

"Gwaji. A coci."

"Ke kaɗai?"

"Ni da ɓeraye."

"Duk mako babu inda zuciyarki ke kwanciya kamar nan. Ko barcinki bai kai shi ba."

Na duba wurin da take nunawa. Layukan biyu sun kwanta kusa da juna, lumui, kamar tafki da sassafe kafin iska ta tashi.

"Malama, akwai abin da ke damunki ran Lahadi?"

"Ba laifi."

"Kin tabbata?"

"Na ce miki kek ne, 'yar nan."

Renae ba ta sake tambaya ba. Ta san abin da tambaya ta uku take yi wa mutum a garin nan, kuma ba ta iya yi wa malamarta haka ba. Sai ta ja aljihun tebur ta fito da allura mai kamar alƙalami. Likitan da ke zuwa daga birni sau biyu a wata ya karanta littafin, ya ga kek yanka uku kowace Lahadi da rubutun mai ciwon da kanta, ya ce tunda ba za ta bari ba, a ba ta insulin mai saurin aiki ta riƙa yi kafin ta ci. Renae ta ajiye allurar a tebur, amma ba ta ɗauke hannunta daga kai ba.

"Wannan ta kek ce. In kin yi ta ba ki ci ba, suga na iya faɗuwa warwas kina can bene, ko kina tsakiyar matakalar nan. In ba kek ba ne, kada ki taɓa ta. Ki kira ni, akwai wata hanyar." Ta juyo wurina. "Kawu Leland, in ka ga hannunta na rawa, gumi ya keto, magana ta fara harɗewa, lemun kwalba mai zaƙi za ka ba ta nan take. Ka riƙa yawo da shi a aljihu."

Ardis ta sa allurar a jaka ta yi godiya. Muka shiga mota, muka yi ta tafiya har muka wuce rumbun gari. Can ta ce, "Yarinyar nan tun tana ƙarama take shiga waƙa kafin lokaci."

Ran Lahadi na ƙetare titi da kwalbar lemu a aljihun kwat. Kek yana kan kantar kicin a rufe da ƙyallensa. Allurar tana kan tebur kusa da gishiri. Ardis ta riga ta sa rigarta mai ruwan toka, jakar baƙin takalmin tana jingine a bakin ƙofa. Ta turo min farantinta.

"Ci ƙwan nan."

"A'a, naki ne."

"Zai huce."

Ta ɗauki allurar ta cire murfin.

"Me za ki yi da wannan?" na ce.

"Abin da likita ya ce. Mutum ya taso tun daga birni ya rubuta magani, sai in ajiye masa a aljihun tebur? In ban yi ba ai Renae za ta gani a allonta."

"Ta kek ce."

"To zan ci kek."

"Ci mu gani. Ki fara ci, sannan allura."

Ta harare ni. Ta tashi ta yaye ƙyallen, ta yanki kusurwa, ta ɗora a ƙaramin faranti ta dawo ta zauna. Kek ɗin lemun tsami ne, wanda aka san ta da shi har ƙauyukan kewaye. Ta sa cokali ta gutsura, ta ɗaga har kusa da baki. Agogon bango yana ta tafiyarsa, takwas da minti ashirin. Ta sauke cokalin a hankali.

"Matar Yaya," na ce, "shekara tara nake cin ƙwanki na Lahadi. Ni nake ɗaukar kek ɗin nan zuwa mota. Ba ki taɓa cin yanka ɗaya ba."

Tun da nake ban taɓa faɗa wa wanda ya girme ni magana a miƙe haka ba. Kunnuwana suka yi zafi. Ita kuwa taga ta duba, na ɗauka zancen gari za ta yi.

"Ka tuna Inga Rustad?" ta ce. "Mai ogan kafin ni. Lokacin da ta karye a wuyan hannu, dattawa uku suka zo ƙofar nan, da hulunansu a hannu. Na ce a'a. Suka ce Lahadi biyu ce kawai. Na ce ba zan iya ba. Suka sake tambaya. To Leland, me ake cewa a na uku?"

Na dubi kofina.

"Da gaske nake a'a ɗin nan. Har cikin raina. Su kuma suka ɗauka tarbiyya ce. Hannun Inga ya warke, ta bi ɗanta Arizona. Kowace shekara a taron coci nakan tashi in ce a nemi wani, sai a tafa, a ce kai, Ardis akwai tawali'u." Ta yi 'yar dariya mara sauti. "Shekarun farko amai nake yi kafin mu fita. Shi ya sa na daina ci. Mutum ɗari da hamsin a bayana, ban ganin fuskar kowa, duk suna jiran yatsana ya zame."

"Yanzu ai ba mu fi arba'in ba."

"Arba'in ɗin sun fi kunne."

"Babu mai jiran yatsanki ya zame, Ardis."

"Na sani. Je ka faɗa wa hantata."

"Orvin ya sani?"

"Orvin ya ci ƙwan nan shekara talatin da biyu bai taɓa tambaya ba. Ina jin ya sani." Ta shafa gefen tebur da tafin hannu, kamar mai share ɓurɓushin da babu. "Kiɗan nake so. Ran Laraba, in rana ta shigo ta tagar yamma, ni kaɗai, in na yi kuskure in koma in sake, babu ruwan kowa. Da haka aka bar ni, da na fi kowa arziki a garin nan."

"To me ya sa kika ce kek?"

"Kwaɗayi kowa na da shi. Wa ka taɓa ji ya ce yana tsoron cocinsu?"

Ta dubi allurar da ke hannunta kamar ta manta da ita. Ta mayar da murfin, ta tashi ta buɗe firji ta ajiye ta kusa da man shanu. Sannan ta turo min ƙaramin farantin, ta haɗa da na ƙwan.

"Cinye wannan kada ya lalace. Ka juya gefen da na yanka ya kalli bango in mun isa. Tashi, tuzuru, za mu makara."

Na zauna a bencina na kullum, na huɗu daga baya, ƙarƙashin benen. Shekara arba'in da ɗaya kiɗan nan yana sauko min a ka kamar ruwan sama a kan rufi, ban taɓa tambayar daga wane gajimare yake ba. Ranar na saurara. Na ji yadda take ɗan jinkirtawa kafin kowane baiti don tsofaffi su ja numfashi. Na ji yadda take ƙara nauyin sandunan ƙasa in muryoyin maza sun fara ɓacewa, ta tallafe su har su dawo hanya. Babu yatsan da ya zame. Mace ce a can sama, cikinta babu komai, zuciyarta na gudu kamar ta zomo, tana riƙe da mu duka a hankali kada mu faɗi. Hannuna yana kan kwalbar lemu har aka yi albarka, ko da yake na san allura tana gida kusa da man shanu.

Bayan sujada aka sauka ɗakin ƙasa shan gahawa kamar kullum. Dogayen tebura, kujerun ƙarfe, ƙamshin gahawa da jiƙaƙƙun riguna. Na ajiye kek ɗin, gefen da aka yanka yana kallon bango. Verna Skogen, shugabar kwamitin coci, tana zagayawa da takardarta, domin Lahadin ce ake raba ayyukan Kirsimeti. Ta iso kan Ardis, alƙalami a hannu, Fasto Ekblad na biye da ita da kofinsa.

"Ardis, Kirsimeti kamar kullum ko?"

"A'a, Verna. Na gama. Ta yau ce ta ƙarshe."

Matan da ke teburin suka yi dariya. Wata ta ce, "An fara."

"Haba Ardis," in ji Verna, "in ba ke ba wa? So kike mu yi Kirsimeti kamar gidan makoki?"

"Matar Fasto na da jita. Ku ma kuna da bakuna. Ku nemi wani."

Verna ta ɗan dube ta. Ta sunkuyo ta rage murya, irin ragewar da kowa ke ji. "Yatsun ne? Sanyin ƙashi ya kama ki? In shi ne ai kowa zai gane."

Ƙofa ce ta buɗe mata, mai faɗi, kuma na ga Ardis ta gan ta. Da ta ce i, da an kawo mata miya gida har mako biyu, an yi mata addu'a da suna, magana ta mutu.

"Yatsuna lafiya lau," ta ce. "Tsoro nake ji. Tun ranar farko nake jin tsoro, kuma yana taɓa min suga. Renae na da shi a rubuce."

Cokula suka daina motsi a cikin kofuna. Fasto ya duba cikin gahawarsa. Can ƙarshen tebur wani tsoho ya ce da alama za a yi ƙanƙara da yamma.

Verna ta gyara tsayuwa. Mace ce mai kirki, tare suka yi makaranta, kuma abin da ta yi shi ne abin da uwarta da kakarta za su yi. Ta ɗora bakin alƙalami a kan takarda, daidai inda sunan Ardis yake zama kowace shekara, ta yi murmushi.

"To, ko don bana kaɗai. Za ki yi mana, ko?"

Na uku ke nan. Duk ɗakin ya sani. Har alƙalamin ya fara zana harafin farko.

"A'a," in ji Ardis.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ƙara komai a kai ba. Kalmar ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar ɗakin, kowa yana kallonta kamar baƙon da ya shigo da takalmi mai laka. Verna ta ɗaga alƙalamin a hankali.

"Mabuɗin dai zan riƙe," Ardis ta ce wa Fasto, "saboda Laraba. In babu damuwa."

"Babu, Mama Ardis," ya ce da sauri. "Ko kaɗan. Riƙe abinki."

Ta miƙe, ta sa kwat ɗinta, ta ɗaura ɗankwali. Ta zaro waya daga jaka, ta kara a dantsenta ta saman riga, a gaban kowa, abin da ba ta taɓa yi ba. Wayar ta yi ɗan ƙaranta. Na matso.

"Nawa?"

"Ɗari biyu da arba'in." Ta karkato min da wayar. Lambar tana sama, amma 'yar kibiyar ta sunkuyar da kai. "Gobe in kira yarinyar nan ta zo ta ɗauki allurarta. Littafin ma sai na sake shi." Ta mayar da wayar. "Leland, yunwa nake ji. Akwai ƙwai a gida?"

"Na cinye."

"Ai na sani. Ka taho da tiren in sun gama, kada ka bar min ƙyallena."

Ta ɗauki jakar baƙin takalmin ta rataya a kafaɗa. Ta bi tsakanin tebura, ta dafa kafaɗar Verna da ta zo wucewa, ta kama ƙarfen matakala, ta hau tana taka ɗaya bayan ɗaya saboda ƙugun nan, ta tura ƙofa ta fita.